Kaburbura masu kallon alƙibla: ziyarar fagagen yaƙi a ƙasar Faransa

Kakata ta wajen uwa ta yi fiye da shekara 50 tana sa yayanta cikin addu'a, ba tare da ta san wadda ta dace da shi ba: ta matafiyi ko ta mamaci. Bayan girbin shekarar 1939 aka zo ɗibar soja a kantonmu, cikin ƙasar Tasawa. Aka jera samari gaban likitan Nasara, aka auna tsawo, aka duba haƙora, ƙuri'a ta faɗa kansa. Tun ranar da ya bi bayan gardi har ranar da ita kanta ta koma ga Mahaliccinta, babu wasiƙa, babu saƙon baki, babu takardar mutuwa. Waɗanda suka dawo bayan yaƙi kuwa, kowa da abin da ya faɗa. Wani ya ce ya gan shi a bakin ruwan Dakar, wani ya ce a wani bariki na kudancin Faransa. Iyakar labarin ke nan.

A watan Afrilu na 2019 na samu zuwa Faransa tare da wasu malaman Faransanci, domin wani horo na mako 4 a wani gari na gabashin ƙasar. Ranakun hutu abokan tafiyata suna kama hanyar Paris, wajen kasuwanni da tsarabar iyali, ban kuma ga laifinsu ba. Ni sai na riƙa shiga jirgin ƙasa zuwa maƙabartun soja. Ɗaya daga cikinsu har ya yi mini ba'a: «Mushe, kowa ya zo ganin masu rai, kai ka zo gaida matattu.» Suna ɗaya tak na tafi nema. Amma a hanya na gane cewa dutsen tunawa shi ma rubutu ne, yana da marubuci, yana da shekarar da aka rubuta shi, yana kuma da layin da aka tsallake. Malamin harshe ba shi da uzuri idan ya tsaya gabansa ya kasa karantawa.

Da Verdun na fara, domin ita ce mafi kusa da inda muke. Duk wanda ya zauna ajin tarihi a kwaleji ya haddace lambobinta: daga 21 ga Fabrairu zuwa 18 ga Disamba 1916, wata 10 ana ɓarin wuta tsakanin Faransawa da Jamusawa, kimanin mutum dubu 300 suka mutu daga ɓangarorin biyu. Na sha rubuta wannan a allo. Amma gani ya kori ji. Tuddan da ke arewacin garin yau kurmi ne, sai dai ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan ba ta da wurin da yake a shimfiɗe: rami kusa da rami, kamar fuskar wanda ya yi agana. Kowane rami harsashin igwa ne ya haƙa shi. Shekara 100 ta wuce, ciyawa ta rufe, tabon bai ɓace ba. Har yanzu ana tono harsasan da ba su fashe ba, abin da ya sa ake gargaɗin mai ziyara kada ya bar hanya.

A cikin kurmin akwai wani ƙauye da ake kira Fleury. In na ce ƙauye na yi kuskure, domin babu gida ko ɗaya. Ƴan ginshiƙai ne gajeru a tsakanin itatuwa, kowanne da allonsa: nan gidan mai burodi yake, nan makaranta, nan gidan manomi. Sau 16 ƙauyen ya canja hannu a bazarar 1916, har ya zama ƙura. Yana cikin ƙauyuka 6 na yankin da ba a sake ginawa ba, waɗanda hukuma ta ce sun «mutu domin Faransa» kamar yadda soja ke mutuwa, kuma har yau ana naɗa wa kowannensu magajin gari. Na tsaya na yi tunani. Mu ma muna da kufai, ba ɗaya ba, ba goma ba, wasu yunwa ta tashe su, wasu yaƙi. Namu dai ba su da magajin gari, ba su da allo, sai tsohon da ya san inda rijiyar take, in yana raye.

Kaɗan daga nan aka gina ɗakin ƙasusuwa na Douaumont, wanda aka buɗe a 1932: dogon gini mai tsawon mita 137, da hasumiya mai mita 46 a tsakiyarsa. A ciki aka tara ƙasusuwan kimanin mutum dubu 130 da ba a gane su ba, Bafaranshe da Bajamushe a cakuɗe. Ta bayan ginin akwai ƙananan tagogi daf da ƙasa. Wanda ya sunkuya zai gani. Na sunkuya sau ɗaya, ban ƙara ba.

Gaban ginin maƙabarta ce mai kabari fiye da dubu 16, fararen gicciye a jere har inda ido ya tsaya. Can a wani sashe sai jerin ya karkace. Duwatsu 592 ne masu kai kamar ƙofar masallaci, da jinjirin wata da tauraro, an juya su suna kallon alƙibla. A saman kowanne an rubuta da Larabci cewa wannan kabarin marigayi ne, a ƙasa kuma suna da lambar runduna da ranar mutuwa cikin Faransanci. Yawancinsu ƴan Aljeriya da Maroko da Tunisiya ne, amma a tsakaninsu akwai sunayen da kunnen Bahaushe ba ya baƙunta da su, sunayen Bambara da Fulani da sauran mutanen Afirka ta Yamma. A jikin ganuwar Douaumont kuma, wadda Jamusawa suka kama tun farkon yaƙin, wani allo ya ambaci waɗanda suka ƙwato ta ranar 24 ga Oktoba 1916, har da bataliya ta 43 ta sojojin «Sanigal» da wasu ƙungiyoyi 2 na Somaliyawa. To, sai dai mai karatu ya lura da shekaru. Farar ƙubbar da aka gina domin tunawa da sojoji Musulmi, shugaba Jacques Chirac ne ya buɗe ta, a watan Yuni na 2006. Tsakanin jinin da ƙubbar akwai shekara 90.

Kafin in ci gaba, ya kamata in warware kalmar nan «Sanigal», domin ta ɓatar da ɗalibai da yawa. Rundunar da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais, gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a Sanigal cikin 1857, sunan kuma ya bi ta duk inda ta je, ko da sojan Bamossi ne, ko Bazabarme, ko Bahaushe. A 1910 wani hafsa mai suna Charles Mangin ya wallafa littafinsa La Force noire. Hujjarsa ita ce haihuwa ta yi ƙaranci a Faransa, Jamus ta fi ta samari, don haka Afirka ce rumbun mazaje da za a ɗiba ranar da yaƙi ya tashi. Ya ƙara da cewa baƙar fata ba ya jin zafi kamar Bature. Wannan magana ta ƙarshe ƙarya ce, amma ƙarya ce da aka gina tsarin yaƙi a kanta. A yaƙin duniya na farko an ɗebi kimanin mutum dubu 200 daga ƙasashen baƙar fata da ke hannun Faransa, kusan dubu 30 ba su dawo ba. Ƙasarmu a lokacin yankin soja ce mai hedkwata a Damagaram, kuma kasonta bai kai na ƙasashen Bambara da Mossi ba. Ɗibar ba ta tafi salin-alin ba: wasu sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, a yammacin Volta kuma an yi babban bore a 1915 da 1916. Daga 1919 aka mai da aikin soja doka ta dindindin, shekara 3, da ƙuri'a. Ita ce ƙuri'ar da ta faɗa kan yayan kakata bayan shekara 20.

Inda tunanin Mangin ya gamu da gaskiya shi ne Chemin des Dames, can yamma da Verdun, kusa da garin Laon. Wurin yana da wuyar zuwa ga wanda ba shi da mota. Wani tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya, wanda muka saba da shi a wurin horo, shi ya ɗauke ni a motarsa. Hanya ce mai kimanin kilomita 30 a kan doron wani tudu, ta samo sunanta daga ƴaƴan sarki Louis na 15 mata da aka gyara ta dominsu. Yau gonakin alkama da gwoza ne hagu da dama. Abokin nawa ya tsayar da mota, ya kai ni bakin gangaren, ya ce in dubi ƙasa. Daga can ƙasa aka ce wa mutane su hawo. A sama Jamusawa sun yi shekara 2 da rabi suna gyara maɓoya cikin kogunan da aka fasa dutse tun zamanin da, inda igwa ba ta isa gare su.

Janar Nivelle ya yi alkawarin fasa layin Jamus cikin kwana 1 ko 2. Ranar 16 ga Afrilu 1917, ƙarfe 6 na safe, aka ba da umarni. Mangin ne ke jagorancin runduna ta 6, ya kuma sa bataliyoyin Afirka a sahun gaba, kimanin mutum dubu 15. Al'adar sojan Faransa ita ce a janye su daga fagen fama lokacin sanyi, a kai su barikokin kudu irin na Fréjus, sai zafi ya shigo a maido su. A wannan shekara an maido su da wuri. Safiyar ranar ana ruwa gauraye da ƙanƙara. Ni da na je cikin watan Afrilu, sanye da rigar sanyi 2, rana tana haske, sai da iskar tudun ta sa yatsuna suka ƙi riƙe alƙalami. Yaya wanda ya kwana cikin taɓo zai ja kunamar bindiga? Bindigogin Jamus masu ruwan harsashi, waɗanda aka ce an riga an murƙushe, suka fito daga bakin koguna suka share gangaren. Cikin ƴan kwanaki kusan rabin sojojin Afirka sun mutu, ko sun yi rauni, ko sun ɓace. Faransawa kansu sun yi asarar rayuka kusan dubu 30 cikin kwana 10, abin da ya jawo tawayen sojoji a watannin da suka biyo baya, aka kuma sauke Nivelle a watan Mayu.

Blaise Diagne, baƙar fata na farko daga Afirka da aka zaɓa a majalisar dokokin Faransa, ya tashi a zaman sirri na watan Yuni 1917 ya yi tir da yadda aka jefa mutanen nan cikin sanyi da wuta. Shi ne kuma, a 1918, ya karɓi aikin zagaya Afirka ta Yamma ya ɗebo wasu kimanin dubu 63, da fatan jinin da aka zubar zai sayo wa ƴan Afirka ƴanci. Bai sayo ba. Ina koya wa ɗalibaina fuskokin nan biyu na mutumin, domin wanda ya ɓoye ɗaya bai koyar da tarihi ba.

Kusa da gidan tarihi na Caverne du Dragon, wanda yake cikin ɗaya daga kogunan, an kafa dogayen gumaka 9 na baƙin itace, ba hannu, ba fuska, aikin wani mai sassaƙa da ake kira Christian Lapie. An kafa su a 2007 domin tunawa da sojojin Afirka. Nan ma shekara 90. Suna da kwarjini, ban musa ba. Amma na daɗe ina kallonsu ina tambayar kaina ko rashin fuskar nan hikimar mai sassaƙa ce, ko kuwa gaskiyar da ta kuɓuce masa.

A nan zan yi wata magana da ba kowa zai so ba. Tsaye a kan tudun, ina jin tausayi da wani abu mai kama da alfahari, sai na tuna da kwanan wata. Mako 6 kafin safiyar nan, a farkon watan Maris 1917, wasu sojoji masu wannan jar hula ɗin suka shiga Agadas bayan sun kori mayaƙan Kawsan da suka kewaye barikin tun Disamba 1916, kuma abin da ya biyo baya kisan mutanen gari ne, har da malamai. Shekara 18 kafin nan kuma, a 1899, rundunar Voulet da Chanoine da ta ƙone Lugu da Birnin Ƙonni, hafsoshinta ne kawai Nasara. Hannun da ya riƙe bindiga da wuta baƙi ne. Rigar da aka mutu cikinta a Chemin des Dames ita ce aka ci ƙasarmu da ita. Wannan ba ya rage wa mamacin tudun komai, domin yaron da ƙuri'a ta kama bai zaɓi fagensa ba. Amma yana hana ni yin kirarin da ya wuce gona da iri, yana kuma hana ni yarda da masu cewa a shafe su daga tarihinmu wai don sun yi wa Nasara aiki.

A hanyar komawa muka ratsa ta Reims. A wani lambu na garin akwai gunkin tagulla: sojojin Afirka 4 sun kewaye wani hafsa Bature mai riƙe da tuta. An fara kafa shi a 1924 domin godiya ga waɗanda suka kare garin a 1918, aka kafa ɗan'uwansa a Bamako cikin shekarar. Da Jamusawa suka shigo a 1940, sai suka tumɓuke na Reims suka tafi da shi. Wanda na gani kwafi ne, da shugabannin Faransa da Mali suka ƙaddamar a watan Nuwamba 2018. Gunki ɗaya, labari 3: wanda ya kafa shi ya sa Bature a tsakiya, wanda ya tumɓuke shi bai jure ganin baƙar fata a kan dutse ba, wanda ya maido shi kuma yana da nasa lissafin siyasar.

Tumɓuke gunkin nan ba fushin rana ɗaya ba ne. Bayan yaƙin farko Faransa ta girke sojojin Afirka a yankin kogin Rhin na Jamus, masu farfagandar ƙasar suka mai da abin babban abin kunya, suka cika jaridu da ƙage. Ƴan Nazi suka gaji wannan ƙiyayya, har a 1937 suka yi wa ƴaƴan da aka haifa tsakanin sojojin da matan yankin aikin hana haihuwa da ƙarfi. Saboda haka sojan Jamus na 1940 ya shigo Faransa da abin da aka cusa masa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a watannin Mayu da Yuni na shekarar an kashe sojojin Afirka tsakanin 1500 da 3000 bayan sun miƙa wuya. Wannan ne yaƙin yayan kakata, shi ya sa na ajiye hutun ƙarshe domin doguwar tafiya kudu, zuwa Chasselay, wani ƙauye da ke arewa da birnin Lyon.

Ga abin da ya faru a nan. Ranar 17 ga Yuni 1940 Marshal Pétain ya sanar cewa zai nemi a tsagaita wuta. Kashegari aka ayyana Lyon a matsayin birnin da ba za a kare ba. Duk da haka aka umarci runduna ta 25 ta tirailleurs ta tare hanyoyin da ke gangarowa daga arewa. Ranar 19 suka yi faɗa a gidan mata masu zuhudu na Montluzin har harsashi ya ƙare, Jamusawa suka shiga suka karkashe baƙaƙen da suka samu. Ranar 20 sauran da suka fake a wani babban gida na Chasselay suka miƙa wuya. Aka jera su a hanya, baƙaƙe dabam, Turawa dabam. Da aka isa wani fili da ake kira Vide-Sac, aka kora ƴan Afirka, kimanin 50, cikin gona, tankokin yaƙi suka buɗe musu wuta, sannan suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Bayan kwana 2 aka sa hannu a takardar tsagaita wuta. Kwana 2 kacal.

Mutanen ƙauyen ne suka binne su, suka kuma adana abin da suka samu na shaida a jikinsu. Daga baya wani jami'in kula da tsofaffin sojoji na jihar, Jean Marchiani, ya sayi filin, ya nemi gudummawar jama'a, ya sa aka tattaro gawarwaki daga ƙauyukan kewaye. Ranar 8 ga Nuwamba 1942 aka buɗe maƙabartar, a ƙarƙashin mulkin Vichy, lokacin da Jamus ke kan ganiyarta. Wannan ma abin karantawa ne: ba a jira shekara 90 ba a nan, kuma ba daga fadar gwamnati abin ya taso ba.

Daga tashar mota na taka da ƙafa ta cikin gonakin itatuwan marmari. Kwatsam sai ga jar katanga a tsakiyar kore, da dogayen ƙusurwoyi masu tsinkaye a jiki irin ginin ƙasar Mali. Ana kiran wurin «tata», wato ganuwa a harsunan Mande. Gabana ya faɗi, domin tun da na sauka ƙasar ban ga abin da ya yi kama da gida ba sai nan: launin katangar launin jar ƙasar Birnin Damagaram ne bayan ruwan farko. Ƙofar ta katako ce, da fuskoki 8 da aka sassaƙa. A ciki sojojin Afirka ta Yamma 188 ne ke kwance, tare da wasu ƴan kaɗan daga Arewacin Afirka da rundunar baƙi. Babu mai gadi, babu mai sayar da tikiti. Ni kaɗai ne, sai wata tsohuwa da ta zo da kare ta tsaya daga waje, ta gaishe ni da kai.

Na bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa da ƙarfi kamar mai kiran suna a aji. Kusan 50 daga cikinsu kalma ɗaya ce a jiki: inconnu, wanda ba a sani ba. Malamin Faransanci ya san kalmar nan tun yana ajin farko, amma ranar na ga ta yi ƙarya. Wa bai san su ba? Akwai wadda ta yi musu goyo. Akwai wanda ya raɗa musu suna ranar bakwai. Wanda bai sani ba shi ne mai riƙe da rajista.

Nan ne kuma na gane dalilin da ya sa neman nawa ba zai kai ko'ina ba. Ma'aikatar tsaron Faransa ta zuba takardun waɗanda suka mutu a yaƙi cikin intanet, a rumbun da ake kira Mémoire des hommes, na kuma kwana da yawa ina bincike a ciki. Takardar Bafaranshe tana ɗauke da sunan iyali, da ranar haihuwa, da ƙauye. Ta ɗan Afirka sau da yawa suna ne da akawu ya rubuta yadda kunnensa ya ji, da «an haife shi wajen shekara kaza», da sunan sarkal. Kakata kuwa da sunan gida take kiran yayanta, sunan ranar da aka haife shi. Sunan yanka dabam, wanda aka faɗa wa akawu wataƙila dabam, tun da an san wasu sarakunan kanto suna tura ɗan talaka a madadin wani, da sunan wancan. Mutum ɗaya, suna 3, ba kuma wanda ya haɗa su a takarda ɗaya.

Amma aikin bai mutu ba. A shekarar da na je, 2019, aka gano hotuna 8 da wani sojan Jamus ya ɗauka ranar kisan, waɗanda suka nuna tankokin da ainihin rundunar da ta aikata shi. A farkon 2022 kuma aka ƙara alluna masu sunayen mutum 25 da bincike cikin tsofaffin takardu ya tono. Bayan shekara 80, wasu sun fita daga cikin waɗanda «ba a sani ba».

Waɗanda suka tsira ma ba su tsira duka ba. A barikin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi da suka nemi a biya su haƙƙinsu. Rahoton soja ya ce 35, masana tarihi da dama sun ce adadin ya ninka haka sau da yawa, kuma sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan gilla. Fanshon tsofaffin sojojin ƙasashenmu kuwa an daskarar da shi da dokar 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai a 2007 da 2011, lokacin da mafi yawansu suna ƙarƙashin ƙasa. Babu ko ɗaya daga duwatsun da na ziyarta da ya faɗi wannan.

Tun dawowata abubuwa sun canja tsakanin ƙasashen biyu. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamba 2023, a Oktoba 2024 kuma aka sauya sunayen wasu tituna da wurare na Yamai. Ban yi kukan sunayen da aka cire ba. Abin da ke damuna shi ne, a Maijirgi kowa zai nuna maka kabarin Voulet da na Chanoine, amma waɗanda suka kashe daga Ƙonni zuwa can babu jerin sunayensu ko'ina, haka ma samarin kantonmu na 1939. Cire allo aikin yini ɗaya ne. Na sa ɗaliban ajina na lise kowa ya je gida ya tambayi tsofaffi ko akwai wanda aka ɗauka soja zamanin Nasara, ya rubuto sunan gida, da sunan yanka, da sunan uba, da ƙauye, da shekarar in an tuna ta, ko da da sunan yunwa ko na fara ne. Abin da aji ɗaya ya kawo ya cika rabin littafin rubutu. Ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi da Tawa da Damagaram suna da ƙafafun da suka fi nawa yawa, jikokin da suka ji labarin daga bakin masu shi kuma sun fara furfura.

Ranar da na iso gida, bayan an watse daga gaisuwa, na zauna da mahaifiyata na nuna mata hotunan Chasselay a waya. Na gaya mata ban samu sunan kawunta ba, ban kuma san ko a can yake ba. Ta daɗe tana kallon jar katangar. Ba ta tambayi wanda ya ci yaƙin ba.

«An yi musu salla?» in ji ta.

Na ce mata, Inna, waɗanda suka binne su Kirista ne, manoma, sun yi abin da suka iya cikin tsoro. Na ce ni dai na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu a bakin ƙofa, na yi wa Musulmin cikinsu da wanda ba Musulmi ba fatan rahama.

«Wa ke share wurin?»

Na ce hukuma ce ke kula da shi, kuma kowace shekara cikin watan Yuni mutanen ƙauyen da ƴan Afirka mazauna Lyon suna taruwa a can. Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini wayar. Da gari ya waye ta sa aka daka gero, aka yi fura, aka raba wa almajirai.